Ebenyo da Kunnuwan Pilipili

A gandun dajin da Ebenyo ya ƙarar da ƙuruciyarsa, can Laikipia ta ƙasar Kenya, sau biyu ake fita kilisa a rana: da sassafe, lokacin da ake hango farin kan Dutsen Kenya tas, sai kuma in rana ta yi sanyi. Baƙi ne ke hawa, yawancinsu Turawa, masu kuɗin da suka gaji da kallon namun daji ta tagar mota, suna so su ratsa tsakiyar jakunan dawa a kan doki. Layi ɗaya ake jerawa. Mutum ɗaya a gaba da bulala, mutum ɗaya a baya da bindiga, baƙi a tsakiya suna ta washe baki. Na gaban nan shi ne idon kowa. In ya ɗaga hannu a tsaya, in ya ce a juya ba mai tambayar dalili. Shekara ashirin da shida Ebenyo ne a gaba, kuma biyun ƙarshe ya yi su ne ba ya gani.

Ba makanta ba ce ta a ja mutum da sanda. Yana ce ta rufe masa ido, na dama tukuna, na hagu ya biyo baya. Abin da ke kusa, kamar tafin hannunsa ko wuyan dabbar da yake kai, yana ganinsa. Daga taku goma zuwa gaba kuwa sai inuwoyi, baƙi-baƙi da fari-fari, kamar mai kallo ta cikin ruwan wankin shinkafa. Bai gaya wa kowa ba. Ya san ranar da maganar ta fita, ranar zai sauka daga sirdi, shi kuwa bai san wata rayuwa ba in ba ta kan sirdi ba.

Baturkane ne, wato ɗan ƙabilar Turkana, daga can arewacin Kenya. Fari ya cinye musu awaki yana saurayi, ya gangaro kudu neman abin kai wa bakin salati, aka ɗauke shi kwasar kashi a bargar gandun. Daga kwasar kashi ya koma wanka da taza, daga nan ɗaura sirdi, daga nan aka ba shi bayan layi, har ya kai gaba. Bokonsa bai wuce rubuta sunansa ba, amma Turancin kilisa ya iya shi sarai. Dogo ne, ba ya son yawan magana, ga taurin kai irin na mutumin da bai taɓa yin kuskure a gaban jama'a ba. Kowa Mzee yake ce masa, wato dattijo, har waɗanda suka girme shi.

To yaya mutum zai ja baƙi takwas cikin dajin da ke da zaki da giwa da ɓauna, har shekara biyu, ba ido? Ai da Pilipili yake gani.

Goɗiya ce ja, 'yar ƙarama, mai dogayen kunnuwa da baƙin hali. Sunan ma barkono yake nufi, kuma wanda ya raɗa mata bai zalunce ta ba. Ta ciji mai dafa abinci, ta hauri likitan dawaki, ta taɓa watsa wani Bature mai taƙama da iya hawa cikin farar ƙaya. Sau biyu aka so sayar da ita, Ebenyo ya kafe. Shekara goma sha ɗaya suna tare, kuma tun idonsa na garau ya haddace kunnuwanta. In duka biyun suka miƙe gaba suna 'yar rawa, barewa ce ko jakin dawa, ba komai. In suka miƙe suka ƙage, giwa ce, a sake hanya. In ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi gefe, ta kuma daina taunar linzami, zaki na kwance wajen da na gefen ya nuna. In kuwa ta kwantar da su duka ta tsaya cak, ɓauna ce, kuma ba ta da nisa. Da idon ya tafi, kunnuwan nan suka rage masa, ga su a gabansa, tsawon hannu guda. Hanyoyin gandun kuwa a kansa suke, kowane tudu, kowace ƙorama, kowane kututture. Sai ka ga ya nuna da bulala ya ce, "Jakunan dawa, can." Baƙi su juya su gani, su ce kai, wannan tsoho akwai ido.

Mutum ɗaya ce wannan wasan bai ci ba, Asekon, matarsa. Wata rana ta ari mayafin maƙwabciya ta tsaya nesa kaɗan da famfon gidajen ma'aikata. Ya zo wucewa, ya gaishe ta da ladabi, har da tambayar ya maigida. Ta biyo shi ɗaki.

"Maigidan yana nan lafiya," ta ce, "sai dai ya makance."

"Rana ce ta haske min ido."

"Ranar da ka ba baya? Baban Akai, shekara talatin ina tuƙa maka tuwon masara, yau ni ce matar wani?"

Ya zauna yana cire takalmi.

"A asibitin garin Nanyuki ana cire yanar nan. Ƙanwar mai wankin masaukin baƙi an yi mata, ga ta can tana zura zare a allura."

"An yi wa babana ma."

Haka ne kuwa. Wani mai maganin ƙauye ne ya soka wa tsohon tsinke a ido, Ebenyo na riƙe da kansa, kuma a duhu ya ƙare kwanakinsa.

"Wancan ɗan tsiya ne da tsinke," in ji Asekon. "Wannan likita ne."

"Wuƙa dai wuƙa ce. Kuma in na nemi hutun asibiti, me zan ce wa Madam mai kula da masauki? Ranar da ta ji, ranar za ta sauke ni. In ta sauke ni wa zai hau Pilipili? Sayar da ita za su yi. Bari baƙin bana su wuce tukuna."

"Haka ka ce bara."

"To bana na sake faɗa."

"'Ya'yan mutane kake ja a bayanka, ba buhunan masara ba. In kai ba ka jin tsoro, ni ina ji. Kullum kuka fita cikina ɗurar ruwa yake har ku dawo."

Maganar ta soke shi, amma ya ɗauki hularsa ya fita.

Mai bayan layi a shekarun nan Kirimi ne, mutumin Meru, gajere mai ƙiba da dariya, wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ke riƙe da bindiga da oba-oba. Yana son Ebenyo kamar uba, yana kuma tsokanarsa kamar kaka. Amma Kirimi ba wawa ba ne. Ya lura Mzee ya daina ɗaga kai ya dubi nesa, kullum idonsa na kan ƙeyar goɗiya. Ya lura in aka miƙo masa takardar sunayen baƙi sai ya ce a karanta masa, hannunsa da datti.

"Mzee," ya ce wata safiya suna ɗaura sirdi, "jiya fa kututture ka nuna wa matar nan ka ce karkanda ce."

"Karkanda ce. Ta tafi kafin ka juyo da wannan wuyan naka."

"Ta tafi ta bar kututture a madadinta ke nan. Kai, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Ya tsaya yana jiran tsohon ya ce wani abu. Ebenyo ya ja majayin sirdi ya ce masa ya je ya duba kofaton dokin baya.

A makon ne masu gadin daji suka zo da labarin ɓauna. Tsohon namiji ne, garke ya kore shi, yana yawo shi kaɗai. Wannan ma ya isa, don ba abin da ya kai irinsa mugunta a daji. Amma wannan har da waya a ƙafar baya, ta tarkon masu farautar sata, ta nutse cikin nama tana ruɓa. Ya kori masu gadi biyu har kan bishiya. An gan shi sau uku wajen kwazazzabon Baƙin Dutse, sannan aka ce ya yi yamma, ya bi kogi. Ana jiran likitan namun daji ya zo ya sa masa allurar barci a cire wayar, likitan kuwa yana wani gandun.

A makon ne kuma aka yi baƙin biki.

Mai kula da masaukin a lokacin Madam Gathoni ce, daga wani babban otal na Nairobi aka ɗauko ta. Kada a zalunce ta, mace ce mai aiki. Ita ta gyara rufin gidajen ma'aikata, ita ta sa aka riƙa ba masu barga nama sau biyu a mako. Sai dai ta san baƙo fiye da yadda ta san doki. Amarya da ango sun kama masaukin gaba ɗaya, su da 'yan'uwansu, sun kuma taho da mai hoto daga ƙasarsu, da ɗan ƙaramin jirgin nan mara matuƙi da ke ɗaukar hoto daga sama. Abin da suke so shi ne a ɗauke su a kan dawaki da hudowar rana, a kan tudun Baƙin Dutse, Dutsen Kenya a bayansu. Da aka gwada jirgin a filin barga, ƙararsa kamar ta taron ƙudan zuma, dawaki suka haukace, ɗaya ya karya shinge.

Madam ta samo magani. Kwana biyu sai ga kwali daga Nairobi, cike da hulunan kunnen doki, saƙaƙƙu, farare tas, da sunan amarya da ango a goshi da zaren zinariya. A cikin kowane kunne an cusa soso mai kauri, yadda doki ba zai ji ƙara ba. Aka gwada, aka tashi jirgin, dawaki ko gezau. Kowa ya yi tafi.

Ebenyo ya karɓi ta Pilipili ya shafa. Soson ya sa kunnuwan hular sun tsaya ƙiƙam. Kunnen da ya shiga ciki ba zai motsa ba.

Da asubar ranar, Madam da kanta ta sauko barga da tocila tana duba kowane doki. Ta zo kan Pilipili ta ga kunnuwa tsirara.

"Mzee, ina hularta?"

"Wannan ba ta bukata, Madam."

"Wannan? Ai ita ta fi kowa bukata. Ita ce fa a gaba, in ta zabura duk layin ya watse, amarya ta sha ƙasa a ranar bikinta."

"Zan riƙe ta."

"Na san za ka riƙe ta. Amma hoto ne, Mzee. Dawaki tara da hula, ta gaba babu, ai abin dariya ne."

"Doki da kunne yake tsare kansa a daji."

"Shi ya sa muke da kai," ta ce tana murmushi. "Awa ɗaya ne kawai. Masu gadi sun ce ɓaunan nan ya yi kogi. Ko akwai wani dalilin da ban sani ba?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ce kawai: ba na gani. Kirimi ya daina abin da yake yi, ya tsaya riƙe da linzami yana kallonsa. Masu barga duk suna wurin, mutanen da shi ya koya wa riƙon ragama. Ebenyo ya buɗe baki. Girman kai, wallahi, ba abin da bai kashe ba.

"Babu, Madam," ya ce.

Da hannunsa ya sa mata. Ta kaɗa kai, ta yi ƙoƙarin goge abin a kafaɗarsa, ya ɗaure igiyar a ƙarƙashin muƙamuƙinta. Da ya gama sai ta yi tsit, irin tsit ɗin da bai taɓa gani a wurinta ba.

Suka fita gari na fara haske. Amarya ce ke bin sa, da doguwar farar riga da aka ɗinka don hawa, sai ango, sai sauran shida, Kirimi can ƙarshe. Mai hoto ya riga su da mota, ya hau wani tudu daga nesa. Ba su yi nisa ba jirgin ya taso, ya tsaya a saman kansu yana zuuu.

Tun daga ƙofar barga Ebenyo ya san yau shi kaɗai ne. Kunnuwa biyu farare a gabansa, a tsaye, ba motsi. Pilipili na tafiya kamar jakar 'yan itace, kai a ƙasa. Ya saba jin daji yana shigowa ta jikinta, yau babu. Nasa kunnen ma da ya saba taimakonsa, jirgin ya cika shi. Ba kukan tsuntsu, ba ƙarar reshe. Sai ya koma ƙirga. Ga ƙoramar farko, kofato ya taɓa ruwa. Ga gangaren tsakuwa. Ga bishiyar da tsawa ta raba, a dama, baƙar inuwa mai hannu biyu. Wani abu ya gifta can gaba, bai san ko mene ne ba, bai nuna ba. Amarya ta tambaye shi sunan wata dabba, ya ce barewa, ta ce a'a, wancan mai dogon ƙahon. Ya yi kamar bai ji ba.

Zufa ta jiƙa masa riga, alhali sanyin safiya na cizon yatsu. Sau biyu ya kai hannu ga igiyar hular ya janye. In ya cire, mai hoto zai gani, Madam za ta ji, za a sake tambaya. Ya ce wa ransa saura kaɗan. A haye kwazazzabo, a zaga kwana, a hau tudu, a yi hoto, a koma. Gobe kuma zai je Nanyuki. Ya rantse wa kansa gobe zai je.

Suka gangara kwazazzabon, suka haye. Hanya ta yi kwana ta bayan wata sarƙaƙiya, yadda na gaba huɗu suka fito fili, na baya kuma, har da Kirimi, suna ƙasa tukuna. Nan ne ya ji abin da ya tayar masa da tsigar jiki. A bayansa surutu ya ɗauke ɗif. Sai ƙas, ƙas, wayoyi na ɗaukar hoto. Amarya ta ce wani abu da raɗa, muryarta cike da murna, ango ya amsa da raɗa.

Shi ya koya musu wannan. Kafin kowace fita yakan ce: in kun ga babbar dabba kada ku yi magana, kada ku nuna, ku bi ni kawai, na san iya inda za mu matsa. To ga shi sun yi shiru, suna bin sa. Me suke gani?

Ya ware ido iya ƙarfinsa. Fari-fari, ciyawa. Sama, haske. Gaba kaɗan ta dama, baƙin dutsen da wurin ya ci sunansa, inda yake tun ranar da ya fara zuwa gandun. A gefensa kuma wani baƙin dutsen.

Dutse ɗaya ne a wurin nan. Shekara talatin da wani abu dutse ɗaya ne.

A daidai lokacin iska ta juyo, ya ji haƙarƙarin Pilipili ya kumbura a ƙarƙashin gwiwarsa. Ya fizge hular da ƙarfi har igiyar ta tsinke. Kunnuwan suka fito, suka yi gaba sau ɗaya, suka kwanta duka biyun. Ta tsaya cak.

"Ku juya!" ya daka tsawa. "Baya! Kirimi!"

Dutse na biyu ya taso.

Dawakin baƙi ba sa ji, kunnuwansu a toshe. Na amarya ya ci gaba da tafiyarsa, yana neman wuce Pilipili ta dama, wajen da abin ke tahowa. Ebenyo bai yi tunani ba. Ya zabga wa dokin amarya bulala a fuska, dokin ya juya da gudu, ya kuma karkata Pilipili ya gicciye ta a hanya. Ta san abin da ke zuwa, ta fi shi sani, kuma da ta ga dama da tuni ta yi nisa. Amma ya matse ta da gwiwa ya ce tsaya, ta tsaya.

Bai ga ƙahon ba. Ya dai ji an ɗaga su sama shi da ita, sannan ƙasa ta buge shi a kafaɗa. Ya ji wari, na ruɓaɓɓen ciwo da taɓo. Ya ji bindiga sau ɗaya, sau biyu, ya ji Kirimi na zagi da yarensu, sau uku. Ɓaunan ya faɗi, sai shiru, in ban da jirgin nan da ke ta zuuu a sama.

Ba baƙon da ya ko ƙwarzane. Da rarrafe Ebenyo ya iske Pilipili, ya bi numfashinta. Ya shafa cikinta, hannunsa ya shiga inda bai kamata ya shiga ba. Ya ɗora kanta a cinyarsa. Kunnuwanta na motsi, ɗaya ya juyo wajen muryarsa.

"Mzee," in ji Kirimi a hankali, "matsa."

"A'a. Yi haka nan."

Ya rufe mata ido da tafinsa, Kirimi ya ɗaga bindiga ya yi abin da ya kamata.

A farfajiyar masauki sai ka ce wani biki aka sake. Amarya na kuka ta rungume shi, ango na girgiza masa hannun da bai ji ciwo ba, uban amarya na cewa bai taɓa ganin jarumi irin wannan ba. Sun ɗauka da gangan ya matsa da su, dabba ce ta saɓa. Mai hoto ma ya ce tun daga nesa ya hango ɓaunan a allonsa, ya yi zaton shirin ke nan. Madam Gathoni ta ce laifin labarin da aka kawo mata ne, ta ce ya huta mako guda, in ya dawo ya zaɓi duk dokin da yake so a bargar. Kirimi na tsaye gefe, bai yi dariya ba.

"Madam," in ji Ebenyo.

"Na'am, Mzee."

"Ina jin muryarki, amma fuskarki ba na ganinta. Shekara biyu ke nan. Pilipili ke gani, ni ina bi. Da safe kin tambaye ni, na yi miki ƙarya."

 Ya miƙa wa Kirimi bulalar, ya juya ya nufi gidajen ma'aikata, yana laluben shinge da hannu a gaban kowa. Asekon na tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta ji bindiga. Ba ta ce na gaya maka ba. Ta kama hannunsa ta shigar da shi.

Madam ba ta kore shi ba. Ita ta sa mota ta kai shi Nanyuki, Asekon a gefensa. Aikin ido ɗaya bai kai rabin awa ba. Bai ma ji zafi ba. Washegari aka cire auduga, ya ga yatsun matarsa, ya ga furfurar da ta yi bai sani ba, ya ga allon talla can tsallaken titi. Bayan wata guda aka yi ɗayan. Rabin awa da rabin awa. Abin da ya guje wa shekara biyu ke nan.

Gaban layi kuwa bai koma ba, ko da aka yi masa tayi daga baya. Kirimi ne a gaba yanzu, shi kuma ɗakin sirdi aka ba shi, yana shafa mai, yana ɗinkin linzami. Hulunan nan an ƙone su. Duk doki da zai fita sai ya bi ta gabansa, kuma duk sabon mahayi sai ya zaunar da shi ya koya masa kunne, ko yana so ko ba ya so.

Wata huɗu da faruwar abin, sai ga saƙo daga ƙasar amarya: babban hoto cikin gilashi, da wasiƙar godiya ga jarumin da ya ceci ransu. Madam ta rasa yadda za ta yi da shi, ta aiko masa ɗakin sirdi a naɗe. Ya kwance takardar, ya kai shi bakin taga.

Daga sama aka ɗauka. Ga tudu, ga ciyawa gajera, rana ta fito tas. Ga amarya cikin farar riga. Ga shi nan a gaba, zaune ɗas a kan sirdi, ƙirji a buɗe. Ga Pilipili da farar hula, tana tafiya inda aka ce ta tafi. A gabansu kuma, a fili fetal, ba ko ciyawar da ta kai gwiwa a tsakani, ga ɓauna tsaye yana kallonsu. Taku ashirin bai cika ba. Har tsuntsayen carki biyu ana gani a kan bayansa, har kumburin ƙafar.

Ya daɗe yana kallo. Kirimi ya shigo ɗaukar sirdi, ya leƙa ta kafaɗarsa.

"Ko 'yata Akai tana shekara uku da ta gan shi," in ji Ebenyo.

"Mzee, a mayar musu da abinsu. Ko in kai shi sito."

"A'a. Kawo ƙusa."

Ya kafa shi a bangon da ke fuskantar teburinsa, daidai tsayin ido. Yana nan har yau, kuma kullum da safe sai ya goge gilashin kafin ya taɓa sirdi.